Tarihin Rayuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Mai Kafa Garuruwan Ribaɗi

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo shi ne ya gaji mahaifinsa a shekarar 1817, kuma ya riƙi ragamar Daular Usmaniyya har tsawon shekara ashirin. Jama'a sun fi saninsa da zurfin ilimi da yawan wallafa da kuma gina birnin Sakkwato. Sai dai akwai wani ɓangare na aikinsa da ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali kuwa ya shafi al'ummar Tambuwal da Kebbe kai tsaye, wato tsarin da ya shimfiɗa na kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, da irin tanadin da ya yi wa mayaƙan da aka zaunar a cikinsu tare da matansu da 'ya'yansu. Garin Tambuwal na ɗaya daga cikin garuruwan da suka ɗauki wannan nauyi a zamaninsa, saboda haka duk mai son sanin asalin zaman wannan yanki ba shi da makawa sai ya bi ta kan tarihin Bello.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, wadda ta yi daidai da 1195 bayan Hijira. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u, kuma ita ce ta haifi ƙanensa Abubakar Atiku wanda ya gaje shi daga baya. Ya tashi a Degel, cikin ƙasar Gobir ta wancan lokaci, a gidan da ba a san wata sana'a da ta wuce karatu da karantarwa ba. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi, wanda daga baya aka sani da Abdullahin Gwandu, da sauran malaman zuriyarsu, inda ya ƙware a Larabci da fiƙihu da tafsiri da hadisi. Tun yana saurayi Shehu ya ga alamun natsuwa da iya tafiyar da jama'a a tare da shi, ya riƙa ɗora masa rubuta wasiƙu da isar da saƙonni zuwa ga almajirai da masoya na nesa.

Shekarun ƙaura da yunwa

A watan Fabrairu na shekarar 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, lokacin Bello bai cika shekara ashirin da uku ba. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi a nan shi ne, ba rundunar mayaƙa kaɗai ce ta tashi ba. Al'umma ce sukutum, da tsofaffi da mata da goyo da dabbobi da buhunan littattafai, kuma duk inda maza suka fita daga, iyalansu na bayansu a bukkoki, ba ganuwa, ba rumbu, ba gona. An sami nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi, amma kafin shekarar ta ƙare sai ga musibar Tsuntsuwa a kusa da Alƙalawa, inda aka rasa kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar mace cikin takaba ko marayu, a daidai lokacin da jama'a ba su da tabbacin abincin gobe.

Yunwa ce ta kora su zuwa Sabon Gari a ƙasar Zamfara a farkon 1805. Zamfarawa sun karɓe su hannu biyu, amma da zama ya yi tsawo, mayaƙa masu jin yunwa suka shiga ɗiban hatsin mutanen ƙauye, sai zumunci ya fara tsami, har waɗanda suka yi maraba da su jiya suka koma abokan gaba. Bayan Malam Abdullahi ya ci Birnin Kabi a wannan shekara, jama'a suka koma Gwandu da zama. A nan ma ba a tsira ba. A kan hanyar fita yaƙin Alwasa, rundunar ta afka wa garin Kwalde, wanda ba ya cikin masu gaba da ita, ta washe shi, kuma da Bello da baffansa suka tashi hana wannan ɓarna saura ƙiris mayaƙansu su hallaka su. Aka je Alwasa aka sha kashi, aka yi asarar rayuka masu yawa, abokan gaba suka biyo sawu har Gwandu, garin da a lokacin ba shi da ganuwa, mata da yara na ciki. Da ƙyar aka kore su. A shekarar da ta biyo, wato 1806, Bello ya tsaya aka kewaye Gwandu da ganuwa.

Duk wanda ya dubi abin da Bello ya yi bayan ya hau mulki zai ga sawun waɗannan shekaru biyu a ciki. Ya gani da idonsa cewa mayaƙin da cikinsa ba komai talaka yake fara ci kafin ya kai ga abokin gaba, kuma wanda ya bar iyalinsa a fili hankalinsa ba ya tsayawa a fagen daga. Hatta Malam Abdullahi, saboda takaicin yadda son ganima ya rinjayi wasu, ya taɓa barin rundunar a 1807 da niyyar tafiya Makka, sai da ya kai Kano sannan aka shawo kansa ya dawo.

Daga Alƙalawa zuwa gadon mulki

A shekarar 1808 Bello ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, inda aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. A 1809 ya fara gina Sakkwato a kan tudun da ke kallon mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Shehu ya zauna a Sifawa, kuma a 1812 ya raba kula da ƙasa gida biyu, yamma a hannun Malam Abdullahi, gabas a hannun Bello. A wannan shekarar ce Bello ya kammala littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda har yau shi ne babban madogara a kan tarihin jihadi. Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a.

Bai sami ko numfasawa ba. Rasuwar Shehu ke da wuya ƙasashe da dama suka warware alkawari, kuma mafi zafi a cikinsu shi ne tawayen Malam Abdussalami a Kware, tafiyar 'yan sa'o'i daga Sakkwato, domin shi tsohon almajirin Shehu ne. An ci Kware a farkon 1818, Abdussalami ya rasu a Bakura sakamakon raunin da ya samu. Ragowar mutanensa suka tattaru a Kalambaina suka addabi Gwandu, har sai da Bello ya kawo wa baffansa ɗauki. A nan ne su biyun suka dinke ɓarakar da ta shiga tsakaninsu a kan gadon mulki, Malam Abdullahi ya yi wa ɗan wansa mubaya'a.

Matsalar da ke gaban Bello ita ce, cibiyar daula ita ce ta fi kowane sashe zama cikin haɗari. Gobirawa na arewa maso gabas, Katsinawan da suka kafa Maraɗi na bayansu, Abzinawa na sauko wa daga arewa, Kabawa na yamma a kwarin Argungu, sannan wasu sassan Zamfara ba su kwanta ba. Ga shi kuma daular ba ta da soja na dindindin mai karɓar albashi. Mayaƙi manomi ne ko makiyayi ko almajiri, wanda ake kira bayan an kawar da amfanin gona, ya fito da bakansa da kwarinsa da guzurinsa, in damina ta kawo kai kuma ya koma gida ko an gama yaƙi ko ba a gama ba. Alhaji Sa'idu, wanda ya zauna a fadarsa ya kuma rubuta tarihin sarakunan Sakkwato, ya ƙidaya yaƙe-yaƙe 47 da Bello ya fita a shekara ashirin na mulkinsa. Amma fita yaƙi sau biyu a shekara ba ya hana mahara su faɗo wa ƙauye da asuba su kwashe mutane da shanu, su ɓace kafin labari ya kai Sakkwato.

Mene ne ribaɗi

Kalmar ribaɗi daga Larabci take, kuma tana nufin zama a bakin iyaka domin tsaron al'umma, wanda malaman Musulunci suka ɗauke shi a matsayin ibada mai girman lada. Ba a ƙasar Hausa aka fara shi ba. Har yau akwai gine-ginen ribaɗi na fiye da shekara dubu a garuruwan Susa da Munastir na ƙasar Tunisiya, kuma sunan Rabat, babban birnin Maroko, daga wannan kalma ya samo asali. Bello ya karanta wannan tarihi a littattafai, ya kuma wallafa littafi na musamman a kan ribaɗi da gadi, inda ya tattaro hukunce-hukuncensa da falalarsa. Abin da ya ƙara a kai shi ne, bai tsaya ga sansanin maza zalla ba, sai ya mayar da ribaɗi gari cikakke.

Yadda abin yake shi ne, a zaɓi wuri a kan hanyar da mahara ke bi, kusa da ruwa da ƙasar noma, a kewaye shi da ganuwa da gwalalo, a naɗa masa shugaba, sau da yawa daga cikin 'ya'yan Shehu ko 'ya'yan Bello kansa, domin kada a ce an tura 'ya'yan talakawa bakin wuta an ɓoye na gida. Sai a zaunar da mayaƙa tare da iyalansu, a yanka musu gonaki a kewayen gari, a ba su limami da alƙali da malamin da zai karantar da yara. Da haka mai tsaron iyaka ya zama gidansa yake tsaro, hatsinsa na cikin rumbu a bayan ganuwa, matarsa da 'ya'yansa suna inda idonsa ke ganinsu, kuma babu wata damina da za ta ɗauke shi daga bakin aiki tun da gonarsa na nan a ƙofar gari.

Bello bai bar wannan tsari a matsayin umurnin baki ba, ya rubuta shi ya zama ƙa'ida ga masu mulki. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya bayyana cewa wajibi ne shugaba ya samar wa jama'arsa hanyoyin rayuwa, ya ƙarfafa masu sana'a irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa da mahauta da masu magani, ya rarraba su a kowane gari gwargwadon buƙata, ya sa a tanadi abinci, ya gina garuruwa masu ganuwa da gadoji, ya kula da kasuwanni da hanyoyi. Wanda ya san aikin yaƙin wancan zamani zai gane hikimar wannan jeri, domin maƙeri ne ke ƙera kan kibiya da mashi, baduku ne ke ɗinka sirdi da linzami da kube, masaƙi da maɗinki su ke fitar da lifidin da ke kare doki da mahayinsa. Ribaɗin da ba shi da waɗannan mutane zai riƙa jiran Sakkwato ne a kan kowace kibiya.

Aiki mafi wuya shi ne shawo kan Fulani makiyaya, waɗanda su ne ƙashin bayan rundunar tun farko, amma rani na yi sai su bi shanunsu su watse cikin daji, daidai lokacin da ake neman su. Bello ya dage wajen jawo su su zauna a gari, ya ƙarfafa musu kiwon dawaki da raƙuma da tumaki da awaki, waɗanda ba su buƙatar doguwar tafiya kamar garken shanu, ga shi kuma doki da raƙumi kayan yaƙi ne. Ya kafa hujja da cewa shari'a da karatu da sallar jam'i ba su tsayuwa sosai sai a zaman gari. Irin wannan shawara ce ya rubuta wa Muhammadu Jailani, jagoran wasu Abzinawa masu goyon bayan jihadi, a kan yadda zai zaunar da nasa mutanen. Ba kowa ya amsa ba, kuma ba za a ce an gama wannan aiki a zamaninsa ba, amma garuruwa da yawa na ƙasar Sakkwato da a yau ake ganin kamar tun fil azal suke, a wannan lokaci ne makiyaya suka kafe turakunsu a cikinsu.

Daga cikin garuruwan ribaɗi da aka sani akwai Kware, wadda aka sake rayawa aka ba Isa, autan Shehu, da Bakura a hannun Abubakar Atiku, da Gandi, da Silame wadda aka san ta da Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu, sai Shinaka da Lajinge da Bello ya danƙa wa 'ya'yansa Aliyu da Fodiyo. Shi kansa bai zauna cikin jin daɗin Sakkwato ya bar wasu a bakin daga ba. Wajen shekarar 1830 ya gina Wurno a gefen Gulbin Rima, ta fuskar da Gobirawa ke fitowa, ya mayar da ita mazauninsa.

Tambuwal da Muhammadu Buhari

Ta fuskar kudu maso yamma, nauyin ya faɗa a kan Muhammadu Buhari ɗan Shehu, ɗan'uwan Bello, wanda ya zauna a Tambuwal. Buhari ya tashi ne a hannun Malam Abdullahi, ya yi karatu a gabansa, ya zama malami kuma fitaccen mawaƙi da harshen Larabci, sannan ya yi suna a fagen fama tun farkon jihadi, har ya shiga yaƙe-yaƙen da aka yi ta wajen Nupe tare da rundunar Gwandu. Wannan tarbiyya ta sa ya zama mutumin da gidajen biyu suka amince da shi, kuma babu wurin da ya fi buƙatar irin wannan mutum kamar Tambuwal.

Duk wanda ya san yankin zai ga dalili. Tambuwal na kusa da Gwandu ta kudu, a kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta ƙasar Yabo ta nufi Jega, daga can kuma ta miƙe zuwa Yawuri da Nupe. Ta yamma da arewa akwai Kabawa, ta kudu kuma akwai kwarin Gulbin Zamfara wanda ya biyo ta Gummi ya ratsa ƙasar Kebbe. Idan aka yanke wannan hanya, an raba Sakkwato da Gwandu ke nan, an kuma toshe fataucin kudu. Zaman Buhari da jama'arsa a Tambuwal shi ya ba manoman da ke warwatse a wannan tsakani wurin gudu in an yi kururuwa, ya kuma ba ayarin fatake zango mai aminci. Bayan rasuwarsa ɗansa Umaru ya ci gaba da riƙon garin, kuma sarautar Tambuwal ta tabbata a zuriyarsa.

A nan ya kamata a gyara wani ruɗani da ake yawan ji a bakin jama'a. Buharin Tambuwal daban, Buharin da ya kafa Jega daban. Na Jega ɗan Malam Abdussalami ne, wato ɗan wanda ya yi tawaye a Kware. Bayan an ci Kalambaina ya miƙa wuya, aka yi masa izini ya zauna da Gimbanawansa a Jega, garin da ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular. Wannan ma wani salo ne na siyasar lokacin, a ɗauki iyalan wanda aka yaƙa a ba su gari da abin yi, maimakon a bar su a daji suna neman fansa.

Haƙƙin mayaƙi da na iyalinsa

Tun da babu albashi, abin da mayaƙi ke samu daga yaƙi shi ne rabonsa na ganima bisa ƙa'idar mazhabar Malikiyya. Ana fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, a kai baitulmali, sauran huɗun a raba wa waɗanda suka halarci yaƙin, mai doki ya sami kashi uku, biyu na dokinsa ɗaya nasa, dakare kuma ya sami ɗaya. Daga abin da ya shiga baitulmali ake ɗaukar nauyin marayu da miskinai da matafiya da sauran maslahar jama'a, kuma a ƙasar da kowace shekara ake binne mazaje, marayun mayaƙa ne suka fi yawa a wannan layi. Shi ya sa Bello ya tsananta a kan dukiyar baitulmali. Waɗanda suka zauna da shi sun shaida cewa daga abin da ya nema da hannunsa yake ci, ba ya taɓa dukiyar jama'a don buƙatar gidansa, kuma ba ya sassauta wa alƙali ko hakimin da ya karkata.

Ya kuma damu da lafiyar jama'a, har ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, ciki har da na ciwon ido da na basur. Game da masu rauni a fagen daga kuwa, akwai wani abin lura da Baturen Birtaniya Kyaftin Kilafaton, wanda aka sani a nan da suna Abdullahi, ya gani da idonsa. Wannan Bature ya ziyarci Bello a 1824, ya sake dawowa a 1826, ya rasu a Sakkwato a 1827. A zuwansa na biyu ya tarar da rundunar Bello ta kewaye garin Konya na Gobirawa, kuma ya ba da labarin wata tsohuwa Bazamfariya, baiwar Sarkin Musulmi, wadda ke kan doki da goruna cike da ruwa da tasar tagulla, tana ratsawa tsakanin mayaƙa tana shayar da masu rauni da masu ƙishi, kibau na sauka a gefenta. Tarihi bai riƙe sunanta ba.

Matan garuruwan ribaɗi da ƙauyukan da ke kewaye da su sun kasance gauraye, akwai matan malamai, akwai 'ya'yan makiyaya da ba su daɗe da barin ruga ba, akwai zawarawan da yaƙi ya raba da mazansu, akwai kuma ɗimbin waɗanda aka kamo. A ƙarshen rayuwarsa Bello ya wallafa littafi a kan salihan mata na tarihin Musulunci, ya nemi ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ta mayar da shi waƙa domin mata su haddace. Daga irin wannan aiki ne tsarin 'Yan Taru ya tsiro, inda jajis, wato shugabannin mata masu sanye da malfa, ke jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wurin Asma'u su ɗauki karatu su koma su koyar, suna kuma taimakon marasa lafiya da masu haihuwa da marayu. Tsarin ya bunƙasa ne bayan rasuwar Bello, amma tushensa na cikin damuwar da su biyun suka yi tarayya a kanta.

Ba zai zama adalci ba a rufe wannan babi ba tare da faɗin ɗaya gefen ba. Yawancin ganuwar nan da gandayen da suka ciyar da garuruwan ribaɗi, da gumin bayi da kamammun yaƙi aka yi su, mutanen da su ma an raba su da nasu iyalan. Haka kuma Kabawa da Gobirawa da Zamfarawan da aka gina ribaɗi dominsu, a nasu ganin ƙasar kakanninsu suke nema su karɓo. A yau jikokin waɗanda ke cikin ganuwa da na waɗanda ke wajenta sun zama dangi ta hanyar aure da maƙwabtaka, suna cin kasuwa ɗaya a Tambuwal da Dogon Daji da Kuchi, kuma da wuya a sami gidan da jininsa bai taɓa ɓangarorin biyu ba.

Masu riƙe da al'amuran ƙananan hukumomin nan biyu sun san cewa maganar bakin iyaka ba ta zama tatsuniya ba. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 da Jihar Zamfara a 1996, Tambuwal da Kebbe suka sake zama gefen jiha, kuma hare-haren 'yan bindiga da suka addabi arewa maso yamma tun daga shekarun 2010 sun taɓa ƙauyukan da ke kusa da dazuzzukan wannan yanki. Sojan yau yana da albashi, kuma iyalinsa na bariki, irin Barikin Giginya da ke Sakkwato, ba a ƙauyen da aka tura shi ba. Amma tambayoyin da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma ke fuskanta idan an kawo jami'an tsaro, wato ina za su kwana, ina ruwan da za su sha, wa zai kula da wanda ya ji rauni, me za a yi wa matar wanda bai dawo ba, su ne dai waɗanda Bello ya zauna ya yi wa tsari.

Yaƙe-yaƙensa na ƙarshe da rasuwarsa

Malam Abdullahi ya rasu a 1829, ɗansa Muhammadu Wani ya gaje shi a Gwandu. A 1831 rundunonin Sakkwato da Gwandu suka haɗu a kan Sarkin Kabi Karari, aka ci Argungu, aka kashe Karari. Ɗansa Yakubu Nabame kuwa ba a kashe shi ba, aka kawo shi Sakkwato ya zauna a fada shekara da shekaru. Wannan nasara ta ba Tambuwal da maƙwabtanta kusan shekara goma sha takwas na sauƙi ta fuskar yamma.

A 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa suka haɗa kai, Bello ya tara runduna daga sassan daula ya tarye su a Gawakuke. Aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda, shugaban Abzinawa Ibra ya tsere. Yaƙi ne da aka zubar da jini mai yawa a cikinsa, kuma shi ne babban yaƙinsa na ƙarshe. Bayansa ya ci gaba da ƙarfafa garuruwan ribaɗi na gabas. A waɗannan shekaru ne kuma Alhaji Umaru Futi, wanda daga baya ya yi nasa jihadin a ƙasashen da ke Senegal da Gini da Mali a yau, ya zauna a wurinsa har ya auri 'yarsa.

Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoba na shekarar 1837, bayan jinyar wasu watanni, yana da kimanin shekara 56. Ba a ɗauko gawarsa zuwa Sakkwato kusa da mahaifinsa ba, a cikin ribaɗinsa aka binne shi, kuma hubbarensa na nan a Wurno ana ziyartarsa. Masu zaɓe ƙarƙashin Waziri Giɗaɗo suka naɗa Abubakar Atiku, duk da cewa sunan Buhari na Tambuwal na cikin waɗanda aka duba. Buhari bai daɗe ba shi ma ya rasu, wajen shekarar 1840.

A 1849, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Bello, Yakubu Nabame ya koma ƙasar Kabi ya ɗaga tutar tawaye, Silame ta faɗa hannunsa aka ƙone ta, yaƙin Kabi ya sake ɓarkewa. In ban da 'yan shekarun sulhun da aka sani da Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla a 1867, wannan gaba ba ta kwanta ba har zuwan Turawa, kuma a tsawon wannan lokaci Tambuwal na tsaye a kan hanyar Sakkwato zuwa Gwandu a hannun zuriyar Buhari. Allah ya jiƙansu baki ɗaya, ya kyautata makwancinsu, amin.